Yazi Dogo da Matsalar Wasan da Ba a Rubuta Ba

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba matsayin Yazi Dogo cikin adabin Hausa na Nijar, da kuma amfanin da shirin yaƙi da jahilci zai iya samu daga ayyukansa.

Yazi Dogo mutumin Dogondutsi ne, kuma malamin makaranta ne tun asali. A Damagaram sunansa ya fito, zamanin mulkin Seyni Kountché (1974-1987), sa'ad da aka farfaɗo da samariya, wasan kwaikwayo ya sami gindin zama. Sana'a uku ya haɗa: shi ke ƙago labari, shi ke tsara ƴan wasa, shi kuma ke fitowa ya ba da dariya. Daga dandali wasanninsa suka shiga rediyo da talbijin na ƙasa, har suka game ƙasar Hausa.

Abin lura shi ne irin wallafar da ake yi a wannan fage. Kamar yadda Janet Beik ta nuna a littafinta na 1987, wasan Hausa na Nijar adabin baka ne. Wato akan shirya ƙashin labari tukuna, sa'an nan kowane ɗan wasa ya tufatar da shi da kalmomin bakinsa. Daga nan ƙarfin wasan ya taso. Alhaji mai rowa, da malamin tsibbu, da ma'aikacin da ke surka Hausa da Faransanci, kowanne da bakinsa ake gane shi. Rauninsa kuwa, sau da yawa gargaɗi kan rinjayi labari a ƙarshe, domin hukuma ce uwar taron. Amma babbar illa ita ce, abin da ba a rubuta ba, ransa na hannun faifai. Chaibou Dan Inna ya fitar da littafi kan fasahar Yazi Dogo a 2015, sai dai da Faransanci ne, masana ya yi wa.

A gari kamar Dakoro, inda manomi Bahaushe da makiyayi Bafillace ko Buzu ke ciniki da Hausa, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana bukatar abin karantawa mai daɗi, in ba haka ba karatun ya zube. Wasan da kunne ya riga ya saba da shi ya fi sauƙin shiga ido. An ga haka a Nijeriya, inda wasannin rediyo na Shu'aibu Maƙarfi suka zama littattafai, irin su Jatau Na Kyallu.

Sai dai akwai matsalar karin harshe. Idan ɗan wasa ya ce "biyat" aka rubuta "biyar", ko ya ce "hwara" aka rubuta "fara", an daidaita rubutu, amma an kashe gishirin maganar. Saboda haka ya kamata a yi juyi biyu: ɗaya na manazarta, wanda zai bi furuci sau da ƙafa, ɗaya na ɗalibai, bisa daidaitacciyar ƙa'ida, amma a bar wa kowane ɗan wasa karinsa a inda dariya ta dogara da shi.

Matakin farko dai shi ne a tattara faya-fayan da suka rage a taskar rediyo da talbijin, tun kafin zafi da ƙura su riga manazarta isa gare su.