Jinjina ga Ma'abota Garmar Shanu

Ko da yake a ƙasashen Turai doki ne ya daɗe yana jan garma, a ƙasar Zazzau, inda aka keɓe shi ga sarauta da hawan salla, bijimai ne Allah Ya hore wa talaka domin huɗa. Kuma tun da aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru cikin 1922, sa'an nan gonar dabbobi ta Shika cikin 1928, wannan hikima ta yi ta yaɗuwa har ta zama sana'ar gado.

Wanda ya ga kunya ta miƙe sambal, da wuya ya san irin ɗawainiyar da ke bayanta: tanadin harawa da dusa da kanwa saboda rani, da cire kaska, da fargabar sammore, da kwashe taki daga turke zuwa gona, da kai bakin garma wurin maƙeran Sabon Gari in ya cinye. Duk wannan manomi yake ɗauka da haƙuri, yana kiyaye haƙƙin dabbarsa kamar yadda shari'a ta umarta, ba ya ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta.

Haƙiƙa waɗannan bayin Allah sun cancanci girmamawa. Allah Ya yi wa guminsu albarka, amin.