Tsokaci a kan Jerin Abotar Kalmomin Ingilishi na Ackermann da Chen

Tun a 1951 masanin harshe J. R. Firth na Jami'ar Landan ya ja hankalin manazarta ga cewa wani ɓangare na ma'anar kalma yana ga kalmomin da ta saba tafiya da su. Wannan shi ake nufi da abotar kalmomi. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin a harshensa ana cin jarrabawa, ana shan wahala, ana yanke hukunci, ana kuma kafa hujja. Wanda ya ce ya sha jarrabawa bai karya ƙa'idar nahawu ba, amma da jin sa an san baƙo ne. Haka ɗalibinmu yake zama baƙo idan ya ɗauko "yi bincike" ya mayar da shi make research, alhali Ingilishi ya fi son conduct research.

Don magance irin wannan ne Kirsten Ackermann da Yu-Hua Chen suka fitar da Academic Collocation List a 2013. Sun tace shi daga tarin rubuce-rubucen ilmi mai kalmomi wajen miliyan 25, suka sa masana suka duba abin da kwamfuta ta zaƙulo, aka tsaya a kan haɗe-haɗe sama da 2,400. Aikin ya cancanci yabo. Jerin Averil Coxhead na 2000 ya ba da iyalan kalmomi 570, amma ya bar kowace kalma ita kaɗai. Wannan kuwa ya zo da ita tare da abokiyar tafiyarta.

Sai dai akwai giɓi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jerin haɗin sifa da suna ne ko suna da suna, kuma an bar haɗin kalma da ƙananan kalmomi irin su on da in da of a waje. To, a nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Duk wanda ya taɓa duba kundin digiri ya ci karo da discuss about da emphasise on har ya gaji. Ƙamus ɗin BBI na Morton Benson da Evelyn Benson da Robert Ilson, wanda ya fito a 1986, ya raba abota gida biyu, watau ta nahawu mai nau'i takwas da ta kalmomi mai nau'i bakwai. Ta wannan fuska tsohon ya fi sabon amfani ga mai koyo.

Wannan ma da sauƙi. Babban aibin shi ne jeri yana nuna wace kalma ke bin wace, amma ba ya nuna nauyin alhakin da marubuci ya ɗauka idan ya haɗa su. Alal misali, significant difference a bakin masanin tarihi ko adabi bambanci ne mai muhimmanci kawai. A fannin kimiyya kuwa, da duk inda ake aiki da ƙididdiga, da'awa ce cewa an yi gwaji an ga da wuya bambancin ya zama na dace. Ɗalibin da ya haddace haɗin don ya ji yana da daɗi, ya sa shi a babi na huɗu ba tare da ya yi gwajin ba, ya yi iƙirarin abin da bai aikata ba, kuma ranar kare kundi za a tambaye shi. Haka widely accepted yake. Wa ya yarda, a ina, yaushe? Galibi akan sa shi ne daidai inda ya kamata a kawo hujja, sai ya zama mayafi. Tsakanin cewa shaida ta yi nuni da abu da cewa ta tabbatar da shi akwai tafiya mai nisa, amma a jeri duk layi ɗaya suke kwance, babu babba babu ƙarami.

Dalilin haka a fili yake. Mawallafan sun zaɓi haɗe-haɗen da suka yaɗu a fannoni da yawa, suka jere su ba tare da jimlolin da aka ciro su ba. Abin da ya dace da kowane fanni kuwa shi ne ya fi saurin zama fanko, shi ya sa ake samun sakin layi mai cike da important role da key factor wanda in an matse shi ba a samun ko ɗigo.

Saboda haka jerin kayan malami ne, ba na haddar ɗalibi ba. Malamin da zai yi aiki da shi sai ya ɗauki haɗi guda, ya nemo jimloli biyar ko shida daga mujallun fannin ɗalibansa, su duba me marubucin ya gabatar kafin ya yi amfani da shi. Zai kuma taimaka a sa ɗalibi ya faɗi da Hausa abin da yake nufi tukuna, domin wanda ya san bambancin "ga alama" da "babu shakka" ba zai sa prove inda suggest ya kamata ba.