Ranar da Aka Ɓoye Tiyara: Sharhi kan Suturar Bikin Naɗin Sarki Charles

Bikin naɗin sarauta wasan kwaikwayo ne da ake shirya shi da gaske. Yana da marubuta, da masu ba da umarni, da masu ɗinka kaya, da 'yan kallo. Saboda haka ya cancanci a yi masa sharhi kamar yadda ake yi wa littafi ko fim, a duba abin da ya yi niyyar faɗa, a kuma duba ko ya faɗe shi. Wanda aka yi wa Sarki Charles na Uku a cocin Westminster da ke Landan ranar 6 ga Mayun 2023 ya zo da wani saƙo da aka rubuta da tufafi, kuma babban harafin saƙon shi ne abin da ba a gani ba. A duk taron, babu macen da ta ɗora tiyara a kanta.

Tiyara ita ce rabin kambin nan na daimon da lu'ulu'u da matan gidajen sarautar Turai ke kafawa a gaban gashi. Tana da ƙa'idoji. Bisa al'ada, matar aure ce ke sa ta, ko amarya ranar ɗaurin aurenta, kuma kayan dare ce, ana sa ta da doguwar riga a liyafar da maza ke sanye da cikakkun kayan alfarma. Bikin naɗi da buɗe majalisa suna cikin 'yan lokutan da ake fito da ita da rana tsaka. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Wanda ya san cewa ba kowa ke naɗa rawani mai kunne biyu ba, kuma ba kowa ke yafa alkyabba a fada ba, ya san cewa akwai suturar da karanta ta ake yi. Tiyara tana faɗa wa mai ido daga wane gida mace ta fito, wane gida ta shiga, da kuma kusancinta da karaga.

Don a gane girman abin da aka cire, sai a waiwayi 2 ga Yunin 1953, ranar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu. An cusa baƙi fiye da dubu takwas a cocin nan. Masu sarautun gargajiya na Birtaniya sun zo da jajayen alkyabbu na karan-miski, matansu da tiyara, kowa riƙe da ƙaramin kambinsa. Da aka ɗora wa Sarauniya babban kambi, sai su ma suka ɗora nasu a lokaci guda. Rigar da Norman Hartnell ya ɗinka mata an yi mata aikin zare da furanni da ganyayen da ke wakiltar ƙasashe: na Ingila, da Kanada, da Ostireliya, da Afirka ta Kudu, da Indiya, har da alkama da auduga na Pakistan. Ko mutum yana ƙin mulkin mallaka, dole ya yarda cewa wannan biki bai yi rufa-rufa ba. Ya ce ga daula, ga matakan mutane daga sama zuwa ƙasa, ga dukiyar da aka tara. Kowane zare yana goyon bayan maganar.

Bayan shekara saba'in, masu shirya na Charles sun tarar da wata ƙasa dabam. A farkon 2023 hauhawar farashi a Birtaniya ta haura kashi 10 cikin ɗari, ma'aikatan jinya da na jirgin ƙasa suna ta yajin aiki. Sai aka rage baƙi zuwa wajen 2,200, aka nemi su zo da kayan rana ko kayan gargajiyar ƙasashensu. Sarki ya ajiye gajeren wando da doguwar safar siliki irin ta kakanninsa, ya sa wandon sojan ruwa. Gimbiya Catherine, matar Yarima William, ta ɗaura wani ado mai siffar ganye da aka saƙa da zaren azurfa da ƙyalƙyali, aikin Jess Collett da gidan ɗinki na Alexander McQueen, 'yarta Charlotte ta sa ƙaraminsa. Sarauniyoyin da suka zo daga Turai suka ɓuge da malafa. Saƙon a fili yake: mun san halin da ake ciki, mun sassauta.

Akwai wuraren da shirin ya yi nasara, kuma adalci ne a faɗe su. Barin baƙi su zo da kayan gida ya ba cocin launin da bai taɓa samu ba. Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya shigo cikin kente da zinare, ya nuna cewa ba Turai kaɗai ke da harshen ado na sarauta ba. Penny Mordaunt, wadda ta riƙe takobin ƙasa a tsaye na kusan awa guda, ta zaɓi riga mai launin shuɗi-kore da aikin ganye na zaren zinare maimakon tsohon inifam ɗin maza na muƙaminta, kuma ta tabbatar da cewa ana iya sabunta kaya ba tare da an zubar da kwarjini ba. Sai kuma lokacin da ya fi kowane ƙarfi a bikin, inda aka tuɓe wa Sarki alkyabbarsa, aka bar shi da farar riga mara ado, dattijo mai shekara 74, aka kewaye shi da labule domin shafa masa mai. A nan tufafi sun yi aikin da kalma ba za ta iya ba.

Sai dai wannan wuri mai ƙarfi shi ne ya tona raunin sauran. Tuɓewa tana da ma'ana ne idan an kewaye ta da ƙawa. A 1953 mace ɗaya ce cikin farar riga a tsakiyar dubban masu ƙyalli, don haka ido ya ga ƙanƙan da kai. A 2023 an riga an rage wa kowa ado, sai aka wayi gari mutum biyu kaɗai ke ɗauke da duwatsun kai a duk cocin. Charles ya ɗauki kambin Saint Edward na 1661, mai nauyin fiye da kilo biyu na zinare, sannan ya fita da kambin daula mai daimon 2,868. Shirin da aka yi don a rage tazara tsakanin fada da jama'a, sai ya tattara ƙyallin duka a kan miji da mata, sauran mutane suka koma kamar 'yan rakiyar ɗaurin aure. Adon kan Catherine ma ya tsaya a tsakiya: yana da siffar tiyara, yana zaune inda tiyara ke zama, yana ɗaukar hasken kyamara kamar ita, abin da ya rage kawai shi ne sunan.

Inda rubutun ya fi yin tuntuɓe shi ne kambin Sarauniya Camilla. Kambin da aka naɗa kakar Charles da shi a 1937 yana ɗauke da Koh-i-Noor, daimon ɗin da Turawan kamfanin Gabashin Indiya suka karɓa a 1849 ta yarjejeniyar Lahore, daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yaro ɗan shekara goma. Indiya da Pakistan da Afganistan da Iran duk sun taɓa cewa nasu ne. Don kauce wa wannan rigima, fada ta ɗauko kambin Sarauniya Mary na 1911, ta ce ta yi haka ne saboda tattali da guje wa ɓarna, aka cire huɗu daga cikin bakunansa takwas, aka kafa masa duwatsu uku da ake kira Cullinan na uku da na huɗu da na biyar.

To daga ina Cullinan ya fito? An haƙo shi a 1905 a wata mahaƙa kusa da Pretoria, nauyinsa karat 3,106, mafi girman ɗanyen daimon mai daraja da aka taɓa samu. Gwamnatin Transvaal, wadda a lokacin take ƙarƙashin Birtaniya bayan yaƙin Boer, ta saye shi ta ba Sarki Edward na Bakwai kyauta a 1907, aka yanka shi a Amsterdam. Baƙaƙen fata da ke haƙa ramin ba su da ƙuri'a a gwamnatin da ta yi kyautar. Manyan ɓangarorinsa biyu suna kan sandar sarauta da kambin daula da Charles ya yi amfani da su a ranar, kuma kafin bikin 'yan Afirka ta Kudu sun yi ta kiran a dawo da su. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. An janye dutsen da masu ƙorafi a kansa ke da babbar murya a kasuwar duniya, aka sa wanda ake ganin ƙorafinsa ba zai yi tsada ba. Mai kallo daga Afirka yana da haƙƙin ya karanta wannan zaɓi yadda yake.

Shi kansa kambin Mary ɗan shekarar 1911 ne, shekarar da ita da mijinta George na Biyar suka je Delhi aka yi musu gagarumin taron mubaya'a da ake kira durbar. An ƙera wa George sabon kambi na fam dubu 60 daga kuɗin Indiya, ya sa shi sau ɗaya, yana nan ajiye a Hasumiyar Landan. Ita kuma Mary aka ƙera mata tiyara ta musamman mai sunan taron. Wannan kalma ce Turawan mulki suka ɗauko daga Indiya suka kawo Arewa ta zama daba, irin hawan da aka yi wa Elizabeth a Kaduna a 1956. Ashe tarihin waɗannan kayan kai ya ratsa ta ƙofar gidanmu.

Masu rubuta manhaja sun san bambanci tsakanin gyara fuska da gyara inji. Ana iya sauya launi, a rage maɓallai, a sa rubutu ya yi laushi, alhali lissafin da ke gudana a ƙasa bai motsa ba. Gwajin da ke tona asiri shi ne a duba abin da manhajar ke yi idan ba ranar baje koli ba ce. Wata shida bayan naɗin, ranar 7 ga Nuwamban 2023, Camilla ta je buɗe majalisa da kambin daimon na George na Huɗu, wanda aka ƙera a 1820. Mako biyu bayan haka, a liyafar da aka yi wa shugaban Koriya ta Kudu Yoon Suk Yeol a fadar Buckingham, ta sa tiyarar jan yaƙutu na Burma, Catherine kuma ta fito da Strathmore Rose, wadda aka shafe shekaru da dama ba a gan ta a kan kowa ba. Ba a sayar da ko ɗaya ba, ba a mayar da ko ɗaya ba. An dai ajiye su ne a ranar da duniya ta fi zuba ido. A ƙarƙashin wannan duka akwai yarjejeniyar 1993, wadda ta ce abin da sarki ya bar wa magajin karagarsa ba a cire masa harajin gado, alhali talakan ƙasar da dukiyarsa ta wuce wani mizani ana karɓar kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura. Gwamnati kuma ta bayyana daga baya cewa bikin da aka kira mai sauƙi ya ci fam miliyan 72 na jama'a.

Wani zai ce ai ba yadda za su yi, in sun sa a zage su, in sun cire a zage su. Amma maƙwabtansu sun nuna akwai hanyoyi biyu masu tsabta. A Holan, ranar 30 ga Afrilun 2013, Willem-Alexander ya yi rantsuwa a gaban 'yan majalisa, kambi yana ajiye a kan tebur ba a ɗora masa ba, matarsa Máxima kuwa ta sa tiyararta a fili. Maganar a daidaite take: iko na tsarin mulki ne, ado na iyali ne. A Denmak, ranar 14 ga Janairun 2024, firaminista Mette Frederiksen ta fito baranda ta shelanta Frederik na Goma a matsayin sarki, ba mai, ba kambi, aka watse. Birtaniya ce kaɗai a Turai da har yanzu ke ɗora wa sarki kambi a coci, kuma ta so ta riƙe wannan tsarki na da, ta kuma karɓi yabon sauƙin kai na zamani. Taura biyu ba ta taunuwa.

Da masu shirin sun so tufafi su faɗi sabon abu na gaske, suna da dama. Da an bar gurbin dutse ɗaya a kambin Camilla babu komai, an faɗi dalili, da wannan rami ya fi kowane daimon magana. Abin da aka samu ya tsaya a ƙasa da haka nesa. A 2024 gidajen tarihi biyu na Landan sun aika kayan zinare da azurfa 32 na masarautar Asante zuwa fadar Manhyia da ke Kumasi, yawancinsu sojojin Birtaniya ne suka kwashe su a ƙarni na 19, kuma aro aka ba da su na shekara uku. Sarkin da ya zauna a Westminster cikin zinarensa ya koma gida yana aron kayan kakanninsa.

Hukuncina a kan wannan biki a matsayin aikin fasaha shi ne, an yi gwaninta a ɗinki, an gaza a rubutu. Kowace riga ta zauna, kowane ɗan wasa ya san wurin tsayuwarsa, amma labarin yana jin tsoron kansa. Na 1953 ya faɗi abin da yawancinmu ba za mu yarda da shi ba, ya faɗe shi da baki ɗaya. Na 2023 ya buɗe baki zai nemi afuwa, sai ya gyara hula ya yi shiru. Darasin ya wuce Landan: duk inda masu mulki suka rage ado a gaban jama'a, a tambaye su ina aka kai abin da aka cire, kuma wa ke riƙe da makullin ɗakin.