Roƙo a Madadin Wani: Asali da Ingancin Waƙoƙin Neman Agaji na Fitattun Mawaƙa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san mawaƙi iri biyu da ke neman abin hannun mutane da murya. Akwai maroƙi, wanda ke wasa mai sarauta ko mai dukiya don a yi masa kyauta. Akwai kuma mabaraci, wanda ke rera waƙa don a ba shi sadaka. Dukkansu wa kansu suke nema. A ƙarni na ashirin an sami iri na uku daga ƙasashen Turai da Amurka, wato attajiran mawaƙa waɗanda kan taru su yi faifai guda, a sayar, a kai kuɗin ga waɗanda bala'i ya afka wa. Wannan takarda za ta bi asalin irin waɗannan waƙoƙi, sannan ta auna su da ma'aunin nazarin waƙar baka ta Hausa.

2.0 Asali

Ana danganta mafarin abin da George Harrison, wanda ya yi waƙa da wasa a birnin New York a 1971 domin 'yan gudun hijirar Bangladesh. Amma yunwar Habasha ce ta kafa shi sosai. A watan Oktoba na 1984 talabijin na BBC ya nuna rahoton Michael Buerk daga garin Korem, da hotunan da Mohamed Amin ɗan ƙasar Kenya ya ɗauka. Bob Geldof da Midge Ure suka tsara waƙar "Do They Know It's Christmas?", aka ɗauke ta a Landan ranar 25 ga Nuwamba, a yini guda, da sunan ƙungiyar Band Aid. An sayar da fiye da faifai miliyan 3 a Ingila. Harry Belafonte ya zuga takwarorinsa na Amurka, sai Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta "We Are the World", Quincy Jones ya jagoranci ɗaukarta a daren 28 ga Janairu, 1985.

3.0 Ƙira da Inganci

A waƙar baka ta Hausa, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya fayyace a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka, akwai jagora da 'yan amshi, akwai gindin waƙa da ɗiyanta. Jagora shi ke ɗauko magana ya sarrafa ta ɗa bayan ɗa, ya yi zambo, ya yi habaici, ya kawo tarihi, 'yan amshi suna mayar da shi ga gindi. A nan ake gane gwanintar Narambaɗa ko ta Shata.

Waƙar neman agaji ba ta da jagora. A waƙar Amurkawan, mawaƙa 21 ne suka raba ɗiyan a tsakaninsu, kowa da layi ɗaya ko biyu, gwargwadon yadda mai sauraro zai shaida murya ya ce ga wane nan. Dole karin waƙar ya zama mai sauƙi yadda kowace murya za ta iya hawansa, dole kuma kalmomin su zama ba su da kaifi, don kada wani tauraro ya ƙi furta su. Abin da ya rage sai gindi, ana ta maimaitawa har waƙar ta kai kusan minti 7. Duk da haka, adalci ne a ce kashinta na ƙarshe yana da armashi, inda Ray Charles da Stevie Wonder da Bruce Springsteen ke kira taron na amsawa, bisa salon waƙoƙin cocin baƙar fatar Amurka. Wurin da aka ƙyale jagora ya yi jagoranci ke nan, kuma kunnen Bahaushe zai fi natsuwa da shi.

Ta Landan ta fi rauni ta fuskar ma'ana. Ta siffanta Afirka a matsayin ƙasar da babu ruwan sama, babu kogi, babu tsiro, alhali daga tafkin Tana na Habasha babban reshen kogin Nilu ya taso. Takenta ma yana tambayar ko mutanen sun san lokacin Kirsimeti ya yi, ga mutanen da suka karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4. Ba ta ambaci yaƙin da gwamnatin Mengistu ke yi a Tigray da Eritiriya ba, wanda ya tsananta yunwar, ko kwashe jama'a da ƙarfi da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi magana har aka kore ta a Disamba 1985. Geldof da kansa ya taɓa sanya waƙoƙin nan biyu cikin mafiya muni a tarihi.

4.0 Muryar Mai Bukata

Wanda ya saba da tashar mota, ko a Zariya ko a Suleja nan gindin dutsen Zuma, ya san muryar makaho mai bara da baitocin Imfiraji. Aliyu Namangi da ya wallafa su makaho ne shi ma. Ko me za a ce game da bara, a nan mai bukata ne ke magana da bakinsa, da harshensa, kuma da waƙar da ta ci sunanta waƙa. A faifan agaji kuwa hotonsa kawai ake gani.

Mawaƙan Afirka sun lura da wannan tun farko. A 1985 Manu Dibango ya tara takwarorinsa a Faransa suka yi "Tam Tam pour l'Éthiopie". Bambancin ya fi fitowa a 2014, lokacin annobar Ebola. Band Aid ta sake fitar da tsohuwar waƙarta da ɗan gyara, har mawaƙi Fuse ODG, ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga saboda irin hoton da take bayarwa na Afirka. A shekarar ce Tiken Jah Fakoly da Salif Keita da Oumou Sangaré da Mory Kanté da wasu suka yi "Africa Stop Ebola" cikin Faransanci da harsunan yankin, irin su Bambara da Susu. Masu fama da cutar ta fuskanta, tana ce musu su amince da likita, su wanke hannu, su guji taɓa gawa. Wannan ta fi kusa da waƙoƙin gargaɗi da wayar da kai da makaɗan Hausa irin su Ɗanmaraya Jos suka daɗe suna yi, kuma kowane mawaƙi a cikinta ya sami filin da zai kawo ɗan waƙa cikakke da harshensa.