Masu Kula da Manhaja Bayan Ta Shiga Kasuwa

A birnin Katsina, inda matasa da dama da suka yi karatun kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ke ƙirƙirar manhajojin waya, jama'a kan ɗauka aiki ya ƙare ranar da Google Play ko App Store suka amince da manhaja, alhali kuwa daga ranar ɗawainiyar take somawa. Sabuntawa iri biyu ce: akwai sauya abin da manhaja ke nunawa, kamar farashi ko sanarwa, wanda ake aikowa daga sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, ba tare da sabon bincike ba, akwai kuma gyaran ginin manhajar kanta, wanda sai an sake miƙa shi an jira tantancewa.

A nan ƙwazon masu kula da manhaja yake bayyana. Daren da Sarkin Musulmi ya sanar da ganin watan Ramadan, mai kula da manhajar lokutan salla yakan zauna da kwamfutarsa, sau da yawa ba wutar lantarki, yana gyara kwanan wata da jadawalin sahur domin mai azumi a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Marusa ya tarar da komai daidai kafin asuba, kuma ba wanda zai san sunansa. Haka nan Google yakan buƙaci a riƙa daidaita manhajoji da sababbin tsarin Android duk shekara, wadda aka yi sakaci da ita kuwa sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi.