Sifili a allon kwamfuta ba shaida ba ne

Wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin matasanmu masu koyon tsaron kwamfuta, kuma tana damuna ƙwarai. Da allo ya nuna musu sifili, shi ke nan, sun yarda. Ina magana ne kan Splunk, manhajar da bankuna da kamfanoni ke tara bayanan duk abin da ya gudana a na'urorinsu, wadda kamfanin Cisco ya saya a 2024 kan kusan dala biliyan 28.

Saboda yawan bayanan, Splunk kan gina taƙaitaccen kundi a gefe, tana sabunta shi duk minti 5 in ba a taɓa saitin ba. Umarnin tstats kundin nan yake fara leƙawa, shi ya sa amsa ke fitowa nan take. In kuwa aka sa masa summariesonly=true, to ba ya duba komi sai kundin. Yaro ya kwafo umarnin daga intanet, bai ga komi ba, ya shaida wa maigidansa cewa babu wanda ya taɓa ƙofa. Alhali wataƙila kundin bai gama ginuwa ba, ko an nemi bayanan wata uku a kundin da ke riƙe da na kwana 7 kawai. Wani lokaci bayanan ba su samu alamar da za ta shigar da su tsarin CIM na Splunk ba, ko kuma an rubuta user inda ake bukatar Authentication.user.

Mu a Waca wannan ba baƙon abu ba ne. Ma'aikatan lafiya na ƙasar Magarya sun san DHIS2, manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo: rahoton wata na iya shiga, amma jadawali ya tsaya wayam har sai uwar na'ura ta sake lissafi. Wane majon asibiti ne zai ga gurbi babu adadi a tsakiyar damina, ya ce zazzaɓin cizon sauro ya ƙare? Rajista zai buɗe.

Gudun tstats alheri ne, ba na ƙin sa. Roƙona ga masu koyarwa shi ne su fara da ɗanyen bincike. Ɗalibi ya zaɓi awa guda, ya ƙirga daga asalin bayanan, ya sake ƙirgawa da tstats, ya duba kashi nawa kundin ya kammala. In lissafin biyu ya saɓa, kada a bar shi ya tashi sai ya faɗi dalili.