"Ba Sani Ba Sabo": Yadda Muka Mayar da Maganar Adalci Bulala

Duk lokacin da wata hukuma za ta fara kame, sai ka ji kakakinta a rediyo yana cewa za a aiwatar da doka "ba sani ba sabo". Nan take mai sauraro zai hango motar jami'ai da kulake da teburin mai shayi da aka kifar a bakin titi.

Amma mu dubi kalmomin da kansu. Sani shi ne wanda ka sani, sabo kuma wanda kuka shaƙu. Ma'anarta ke nan: ba za a ɗaga wa kowa ƙafa don dangantaka ko alfarma ba. Babu duka a cikinta. Alkawari ne ga talaka cewa ɗan mai kuɗi ma zai bi layi.

A aikina na rubuta manhaja nake ganin ainihinta. Idan na sa sharaɗin cewa kalmar sirri sai ta kai haruffa takwas, kwamfuta za ta ƙi karɓar ta mai kamfani kamar yadda za ta ƙi ta masinja. Ba ta san kowa ba, kuma ba ta mari kowa ba.

Ina ganin zamanin soja ya taimaka wajen karkatar da ita. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, inda sojoji suka riƙa tsare layi da bulala, ma'aikacin da ya makara kuma a sa shi tsallen kwaɗo. Tun daga nan tsayar da doka da wulaƙanci suka cakuɗe a kunnen mutane.

Marubutanmu ma sun bi sahu. Sau da yawa a littattafan da ake yaɗawa a Wattpad da WhatsApp za ka ga ɗan sanda ya rufe baƙo da duka "ba sani ba sabo". Dama bai san shi ba, to wane sabo aka ajiye gefe? Hausa na da "ba ji ba gani" don wannan.

Idan ka sake jin ta a labarai, tambayi wa aka kama. In duk masu tura baro ne da 'yan acaɓa, babu ko mutum ɗaya da zai iya buga wa babban jami'i waya, to sani da sabo na nan daram.